Leza Ko Saitin Dare a Kan Ƙaramar Bindiga: Tambayoyi da Amsoshi

Bidiyoyin masu harkar bindiga na Amurka sun cika wayoyin mutane, shi ya sa ake ta jin wannan muhawara a majalisun Bauchi, daga Wunti har Yelwa: wanne ya fi amfani a kan fistol, wato ƙaramar bindigar hannu, idan dare ya yi, leza ko saitin dare? Masu tambayar kala-kala ne. Akwai ƙananan jami'an tsaro da ke riƙe da bindigar aiki, akwai mafarauta, akwai kuma waɗanda tsoron masu garkuwa da mutane ya hana su barci. Ra'ayina tun daga farko shi ne duka biyun kayan taimaka wa saiti ne kawai, babu ɗayansu da zai gaya maka wane ne a tsaye cikin duhu, kuma a gidajenmu wannan ita ce babbar matsalar.

Mene ne bambancin su, a taƙaice?

Kowace fistol tana da saiti biyu a samanta: ɗan tsini a gaba kusa da baki, da wani mai tsaga a baya. Mai harbi yakan daidaita tsinin a tsakiyar tsagar, sannan ya ɗora su a kan abin da ya auna. A masana'anta yawanci baƙaƙe ake yin su, ko a ɗiga musu farin fenti, don haka da duhu ya shigo sai su ɓace wa ido. Saitin dare shi ne irin wannan saitin, amma an dasa masa ƙananan ɗigo masu haske da kansu. Hasken bai fita ya je ko'ina, mai riƙe da bindigar ne kaɗai ke ganinsa.

Leza kuwa 'yar na'ura ce mai batir da ake ɗaurawa a ƙarƙashin bakin bindiga ko a jikin mariƙinta. Tana jefa ɗigon haske ja ko kore a jikin abin da aka auna. Da saitin dare idonka yana kan bindiga, da leza idonka yana kan abin da ke gabanka.

Malam, kafin a yi nisa, doka ta yarda farar hula ya mallaki fistol a Najeriya?

A zahirin rayuwa, a'a. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattun makamai, kuma fistol da libarba suna cikinsu tare da bindigogin yaƙi da gurneti. Babu mai ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne irin bindigogin farauta masu baki ɗaya ko baki biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne bindigogin toka irin su adaka, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha. Ko a kashi na biyun ma, a 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi.

Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga ba tare da lasisi ba yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Cewa "don kare kaina na saya" ba ya wanke mutum daga laifin mallaka. Masu bidiyon nan da kuke kallo suna magana ne daga ƙasar da tsarin mulkinta ya ba ɗan ƙasa haƙƙin riƙe makami, ya shiga kanti ya saya. Kada wani ya ɗauko shawararsu ya dasa a Fadaman Mada ko Gwallameji ba tare da ya san wannan ba.

To wa wannan bayani zai amfana?

Waɗanda aikinsu ya ɗora musu riƙe fistol: 'yan sanda, sojoji, jami'an DSS, kwastan, da rukunin Sibil Difens masu ɗauke da makami. Su ma bindigar ba tasu ba ce, ta gwamnati ce, kuma ba a canza mata komai sai da izinin manya da sanin mai kula da ma'ajiyar makamai. Sai 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen da doka ta ba su dama. Masu gadin kamfanoni masu zaman kansu ba sa ciki, domin dokar 1986 da ta tsara aikinsu ta hana su ɗaukar bindiga.

Ta yaya saitin dare ke haske ba tare da batir ba? Ba shi da hatsari?

A cikin kowane ɗigo akwai 'yar kwalba siririya, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, an cika ta da iskar tiritiyom. Tiritiyom wani nau'in haidurojin ne mai fitar da burbushin makamashi a hankali. An shafe cikin kwalbar da hoda mai ƙyalli, idan burbushin ya doke ta sai ta yi haske. Babu makunni, babu caji, dare da rana yana ci, haske mai ƙarfi irin na rana ne ke danne shi.

Amma ba ya dawwama. Duk shekara 12 da 'yan watanni rabin tiritiyom ɗin yakan ƙare, haskensa ma ya ragu da rabi. Shi ya sa kamfanoni irin su Trijicon na jihar Michigan suke ba da garantin shekara 12 a kan koren ɗigonsu. Meprolight na Isra'ila, da AmeriGlo da TruGlo, su ma sanannu ne a wannan fanni. Lissafin yana farawa daga ranar da aka ƙera saitin, ba ranar da aka ɗaura shi ba. Saitin da ya daɗe a ajiye cikin sito ya riga ya ci wani ɓangare na rayuwarsa. Kore ne ya fi haske, shi ya sa aka fi sa shi a gaba. Wasu sukan sa rawaya ko ruwan lemo a baya don kada ɗigon uku, ɗaya na gaba da biyu na baya, su rikice wa ido.

Batun hatsari, burbushin ba shi da ƙarfin huda gilashin kwalbar, balle fatar mutum. Idan kwalbar ta fashe, iskar kaɗan ce, a buɗe taga ta watse.

A kula da wani abu: akwai saiti mai fenti irin na hannun agogo, wanda sai an haska masa fitila yake ɗaukar haske, sannan ya dushe bayan wani lokaci. Wannan ba tiritiyom ba ne, kuma bindigar da ta wuni cikin kube ba ta samun hasken da za ta ɗauka.

Leza ja ko kore?

Idon ɗan Adam ya fi jin hasken da ke kusa da kore, don haka ko da ƙarfinsu ɗaya, koren ɗigo ya fi fitowa, musamman da rana. Kuɗinsa ya fi, kuma ya fi shan batir. A cikin ɗaki ko da dare, ja ma ya wadatar. Lezar da ake sayar wa jama'a a Amurka ba ta wuce miliwat 5 ba, amma wannan ɗin ma bai dace a haska shi a idon mutum ba.

Wajen kunnawa ne suka fi bambanta. Kamfanin Crimson Trace sun yi suna da lezar da ke jikin mariƙi, wadda makunninta ke ƙarƙashin yatsa: da ka riƙe bindigar da kyau sai ta kama. LaserMax suna da wadda ake sakawa a cikin bindigar kanta. Wasu kuma sai ka lalubi maɓalli da yatsa. Mutumin da ya firgita, hannunsa na rawa, ba kasafai yake tuna maɓalli ba, saboda haka irin ta farkon ta fi dacewa da abin da ake nufi.

Yanayinmu na nan fa, zafin bazara da ƙurar hunturu?

Wannan tambaya ce da masu bidiyon can ba za su amsa maka ba. Ranar Bauchi a watan Maris da Afrilu tana da ƙarfin da jan ɗigo ke nutsewa a cikinta da zarar an ɗan yi nisa, ka tsaya kana nemansa a jikin farar riga. Zafi kuma yana rage wa batir kwana, musamman idan an bar kaya cikin mota a rufe.

Hunturu ya fi damun leza. A tsaftatacciyar iska ɗigon kawai ake gani, amma idan hazo da ƙura suka cika gari, ko hayaƙin bola da na itace ya taso da yamma, sai zaren hasken gaba ɗaya ya bayyana, tun daga inda ya sauka har zuwa hannun wanda ya kunna. Ka nuna wa wanda kake tsoro inda kake ke nan. Ƙurar tana kuma kwanciya a kan ɗan gilashin leza, ga toka daga bakin bindiga bayan an yi harbi, sai ɗigon ya zama dishi-dishi ya bazu. Saitin dare bai san da wannan ba, a goge shi da tsumma ya ci gaba da aiki.

To a cikin duhu sosai, wanne ya fi?

Babu ko ɗaya, kuma ina so a tsaya a nan da kyau. Saitin dare yana nuna maka inda bindigarka ta fuskanta. Leza tana ɗora ɗigo a jikin wata inuwa. Inuwar wa? Ba su sani ba. A cikin ƙa'idoji huɗu na riƙe bindiga da Jeff Cooper, tsohon sojan Amurka kuma malamin harbi, ya yaɗa, ta huɗun ita ce ka tabbatar da abin da ka auna da abin da ke bayansa. Sauran ukun: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada ka nuna ta ga abin da ba ka nufin hallakawa, kada yatsanka ya taɓa kunamar bindiga sai ka auna ka yanke shawara.

Yanzu ka duba gidan Bahaushe. Ba gidan mutum biyu ba ne masu kulle ƙofa tun bayan la'asar. Akwai zaure da almajirai ke kwana a ciki. Akwai ƙanen maigida da ya dawo daga kallon ƙwallo ya tarar an rufe ƙofa ya hau katanga don kada ya tashi mutane. Akwai yaro da ya fito fitsari, da tsohuwa da ta fito alwalar nafila, da amarya da ba ta gama sanin gidan ba, da baƙon da ya sauka da dare daga ƙauye. Ga an ɗauke wuta. Motsin da za ka ji a tsakar gida ƙarfe biyun dare, sau da yawa na mutanenka ne. Sannan harsashin da ya kuskure ba ya tsayawa a ƙofar langa-langa ko taga ko zana, yana iya isa ɗakin maƙwabci.

Abin da ke raba ɗan'uwa da ɓarawo a duhu shi ne farin haske, wato tocila mai ƙarfi, da kuma murya: a yi magana, a tambaya wane ne. Akwai tocilar da ake ɗaura wa bindiga, irin na SureFire da Streamlight, wasu ma haɗe da leza. Amfaninsu shi ne hannu biyu suna kan bindiga, illarsu kuwa duk abin da ka haska ka nuna masa bakin bindiga ke nan, ko da ɗanka ne. Don haka tocilar hannu daban ba ta da madadi wajen dubawa.

Wani abu da mutane ba su lura da shi ba: da zarar ka haska tocila a gabanka, baƙin saiti na yau da kullum ma yana fitowa sarai a kan hasken, har ɗigon tiritiyom ɗin ya dushe. Ainihin lokacin saitin dare shi ne tsakanin haske da duhu: bayan magariba, sanyin asuba, farin wata, ko lungun da fitilar sola ta haska rabinsa. A nan kana iya gane fuskar mutum amma ba ka ganin baƙin saitinka. Jami'in da ke sintiri ko tsaron shinge yana shafe sa'o'i da yawa a irin wannan haske.

Yallaɓai, shekaruna sun haura 45, ba na ganin saitin gaba da kyau. Leza za ta taimaka mini?

Za ta taimaka, kuma nan ne hujjarta ta fi ƙarfi. Daga shekara 40 zuwa sama ido yakan fara kasa tantance abin da ke kusa, abin da ke sa mutane neman tabaran karatu. Saitin gaba yana nan daidai tsawon hannu, inda matsalar take. Leza tana ɗauke maka wannan nauyi, tunda idonka yana can nesa. Tana kuma amfani idan mutum ya faɗi ƙasa, ko ya ji rauni a hannu, ko yana bayan mota inda ba zai iya ɗago bindiga daidai idonsa ba.

Amma ka fara da zuwa asibitin ido. Dokar Makamai da kanta ta lissafa raunin gani cikin dalilan hana lasisi, tare da ƙarancin shekaru ƙasa da 17, taɓin hankali, da shaye-shaye. Idon da ba ya tantance fuska daga nesa, babu leza ko saitin da zai gyara masa.

Gaskiya ne ɓarawo na ganin jan ɗigo a ƙirjinsa zai miƙa wuya?

Daga fina-finai aka samo wannan. Yana iya faruwa, amma mai gudu ko mai kawo hari ba ya tsayawa duba ƙirjinsa. Kuma ɗora wa mutum ɗigo daidai yake da nuna masa bindiga, a wurin doka da wurin hatsari. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yarda da amfani da ƙarfi don kare rai ko dukiya ne kawai gwargwadon abin da ya zama dole, dokar finalkod ta Arewa ma ta ce haƙƙin kare kai bai kai ga yin ɓarnar da ta wuce buƙata ba. 'Yan sanda kuma suna da Umarni na 237, wanda aka sabunta a 2019, da ya iyakance lokacin da za su yi amfani da bindiga.

Inda ɗigon ya sauka, nan harsashi zai sauka?

Ba koyaushe ba. Leza tana zaune 'yan santimita ƙasa ko gefen bututun bindiga, don haka layin haske da hanyar harsashi a wuri ɗaya kawai suke haɗuwa, wato nisan da aka daidaita ta a kai. Kafin nan da bayan nan akwai ɗan bambanci. Faɗuwa, girgizar harbi, da jijjigar babur a hanyar ƙauye suna iya kwance sukurorin daidaitawa, ba tare da ka sani ba. Hanyar dubawa mai sauƙi ita ce, bayan an tabbatar babu harsashi, a daidaita saitin ƙarfe na saman bindigar a bango a ga ko ɗigon yana nan inda aka san shi.

Akwai kuma halin da sababbi ke faɗawa. Ɗigon yana nuna duk wata rawar hannu, sai mutum ya tsaya yana binsa, yana jiran ya tsaya cak, daga ƙarshe ya fizgi kunama ya kauce. Idan jami'ai uku suka kunna leza a wuri ɗaya, sai a rasa ɗigon wa ke ina. Wannan rawar da take nunawa ita ce ta sa leza ta zama malama mai kyau a filin koyon harbi: mai koyarwa yana ganin kuskuren yatsan ɗalibi ƙarara.

Za a iya haɗa su duka biyu?

Ana yi, ba sa cin karo, tunda ɗaya a sama yake ɗaya a ƙasa. Idan batir ya mutu, saitin dare yana nan. Sai dai lezar da ke ƙarƙashin baki tana canza siffar bindigar, kuben da aka ba ka ba zai ɗauke ta ba. Cusa bindiga cikin kuben da ba nata ba, wanda bai rufe kunama da kyau ba, ya fi rashin leza hatsari nesa ba kusa ba.

Akwai hanya ta uku da ta yaɗu a shekarun nan: ɗan gilashi da ake ɗorawa a saman fistol, mai jan ɗigo a cikinsa wanda mai harbi kaɗai ke gani, irin RMR na Trijicon ko na Holosun. Ba ya jefa haske waje, yana aiki da rana tsaka, amma shi ma da batir yake, kuma gilashinsa yana ɗaukar ƙura.

Zan iya yin odarsu ta intanet?

Kada ka yi. Kayan makamai da abin da ya danganci tsaro ba sa shigowa Najeriya bisa ƙa'ida sai da takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, kuma kwastan suna kama irin waɗannan kaya. Amurka ma tana da dokokin hana fitar da su barkatai. Na arha da ake gani a shafukan saye da sayarwa galibi na bindigar wasa ne, ba sa jure girgizar harbi na gaske, wasu "saitin daren" kuma fenti ne zalla. Jami'in da ke ganin akwai buƙata, hanyarsa ita ce ya rubuta wa na gaba da shi.

Ni manomi ne a yankin Alkaleri, masu garkuwa sun dame mu. Idan fistol ta haramta gare ni, me zan yi da dare?

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Tsoron mutanen Alkaleri da Toro da Ningi na gaskiya ne, ba wanda zai ce a yi shiru. Amma fistol guda a hannun wanda bai samu horo ba, gaban mutane da yawa masu manyan bindigogi, ba kariya ba ce, kuma ko ya tsira daga gare su ga shari'a tana jiransa. Abin da ya fi ceton rai shi ne a ga masu zuwa tun daga nesa kuma gari ya farka tare. Fitilun sola a kusurwoyin gida da bakin hanya, a juya su suna haska waje, ba tsakar gida ba. Ƙofa mai ƙarfi da sakata ta ciki. Kare. Usur ko ganga da kowa ya san ma'anarta. Lambar DPO da ta shugaban 'yan sintiri da mai unguwa a wayar kowane baligi a gidan, da lambar gaggawa ta ƙasa, 112. A kuma yi ƙa'ida a gida: duk wanda zai dawo bayan an rufe ƙofa ya kira waya ko ya yi sallama da suna, kada ya hau katanga. Wanda ke son shiga aikin tsaron gari ya bi ta ƙungiyar 'yan sintiri ko mafarauta da hukuma da masarauta suka sani.

Idan ɗaya kawai jami'i zai iya samu, wanne za ka ce ya nema?

Saitin dare, tare da tocilar hannu mai kyau. Ba ya buƙatar batir, ba ya canza kube, ba ya tona inda kake, kuma horon da aka ba ka a kwaleji da saitin ƙarfe shi ne dai za ka ci gaba da amfani da shi. Yawanci ma ya fi leza mai inganci arha. Wanda idonsa ya fara gajiya da kusa, ko aikinsa ya fi yawa a cikin gine-gine da mota, shi ne zan ce ya ƙara leza, irin mai kamawa da an riƙe bindiga. Idan ya samu, ya canza batir a kan lokaci tsayayye ko da bai mutu ba, ya goge gilashin bayan kowane harbi da kuma kullum a lokacin hunturu, ya riƙa yin atisaye da lezar a kashe don hannunsa kada ya manta saitin ƙarfe. Mai saitin dare kuma ya shiga ɗaki mai duhu sau ɗaya a shekara ya duba ɗigon uku. Idan na gaba ya fi na baya dushewa, ko shekarunsa sun kai goma, ya kai rahoto a canza shi.